Madubin Garsiya da Maƙogwaron Dorugu

A shekarar 1855 wasu mutum biyu sun kasance a birnin Landan, kowanne da abin da ya kai shi. Na farko magidanci ne ɗan shekara 50, mutumin ƙasar Sifaniya, malamin koyar da waƙa, sunansa Manuel Garsiya. A watan Mayu na shekarar aka karanta takardarsa a gaban Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila, inda ya bayyana abin da ya gani da idonsa a cikin maƙogwaronsa lokacin da yake fitar da murya. Na biyun yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ɗan wajen shekara 16, ana kiransa Dorugu. A watan Satumba ya sauka birnin, yana biye da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da suna Abdulkarim. Garsiya ne ya buɗe ƙofar sanin yadda murya take fita daga jikin mai rai. Dorugu kuwa, duk lokacin da ya ce ƙafa ko ɗaki ko ɓera, maƙogwaronsa yana yin wani aiki da wannan ilmin bai iya warware shi sosai ba sai bayan shekara fiye da 100.

Garsiya gadon waƙa ya yi, uwa da uba da ƙanne duk mawaƙa ne. Shi kuwa muryarsa ta gaza tun yana saurayi, ya sauka daga dandali ya koma koyarwa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya san abin da ke gudana a wuyan ɗalibansa. Ya yi aiki a asibitocin sojan Faransa, ya nazarci maƙogwaron da aka feɗe, ya san guringuntsinsa da tsokokinsa. To amma gawa ba ta magana, ba ta waƙa. Wata rana cikin watan Satumba na 1854, yana yawo a farfajiyar wata tsohuwar fada a birnin Faris, sai dabara ta faɗo masa: madubi biyu. Ya garzaya shagon wani mai ƙera kayan aikin likitoci, Charrière, ya sayi ɗan ƙaramin madubin likitan haƙori mai dogon mariƙi a kan faran 6. Da ya koma gida ya ɗumama shi a ruwan zafi don kada tururin numfashi ya rufe shi, ya cusa shi can ƙuryar baki har ya jingina da beli. Da ɗaya hannun ya riƙe madubin duba fuska, ya tari hasken rana ya jefa shi kan ƙaramin. Sai ga ƙofar maƙogwaronsa a buɗe a gabansa, har yana hango farkon bututun iska a ƙarƙashi. Ya yi murya, ya ga ƙofar ta rufe. Gani ya kori ji.

Abin da ya gani wasu tantani ne guda biyu, farare, shimfiɗe daga gaba zuwa baya a cikin akwatin guringuntsin nan da ke tasowa a wuyan namiji baligi. Malaman Hausa suna kiran akwatin maƙwallato, su kuwa tantanin maƙwallato. Tsawonsu a namiji wajen santimita 2 ne, na mace bai kai haka ba. In mutum yana numfashi kawai, suna ware ne, iska na wucewa shiru. In zai yi murya sai ƙananan tsokoki su haɗa su wuri ɗaya. Huhu, wanda shi ne zugazugin jiki, ya turo iska daga ƙasa, ta tura su su buɗe, ta wuce da gudu, su sake haɗewa, ta sake tura su. Wannan buɗewa da rufewa yana faruwa sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya a wuyan namiji, wajen sau 200 a wuyan mace, kusan sau 300 a wuyan yaro ƙarami. Ita ce zizar da mutum zai ji in ya ɗora yatsa a wuya ya ja sautin z, ya kuma ji ta ɗauke in ya koma s. In tsoka ta ja tantanin ya miƙe ya yi tauri, murya ta hau sama. In ta sassauta, murya ta sauka. Da wannan ja da sassautawar Bahaushe yake raba kuka na hawaye da kuka ta miya, kuma hawa da saukar nan ne makaɗin kalangu yake kwaikwaya har a gane abin da yake faɗi.

Ziza kaɗai ba ta zama magana. Sai ta bi ta maƙoshi da kogon baki, wani lokaci da hanci, harshe da leɓɓa da muƙamuƙi suna sauya wa hanyar siffa. In hanya a buɗe take aka sami wasali. In an tare ta ko an ƙuntata ta, a leɓɓa, ko a hanƙa bayan haƙoran sama, ko a ganɗa, ko a hanɗa can baya, aka sami baƙi. Numfashi ma sauya tsari yake yi: mai magana yana zuƙar iska da sauri, sa'annan tsokokin haƙarƙari su riƙa sakinta kaɗan-kaɗan har jimla ta ƙare. Tsokoki kusan 100 ne ke haɗa hannu a wannan aiki, daga ciki zuwa leɓe, ba tare da mai maganar ya san sunan ko ɗaya ba.

Cikin shekara uku zuwa huɗu likitoci biyu, Ludwig Türck da Johann Czermak, suka shigar da madubin cikin aikin asibiti, kuma har yau likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna aiki da shi. Garsiya ya yi tsawon rai, ya rasu a 1906 yana da shekara 101. Sai dai madubinsa yana da iyaka. Ba ya gani sai baki na hangame, harshe na kwance. Da zarar doron harshe ya tashi ya tare hanya, ko leɓɓa suka rufe, duhu ya sauka. Abin da Bahaushe yake yi da maƙwallatonsa kuwa, a bayan wannan rufaffiyar ƙofa yake yinsa.

Tafiyar da ta kawo Dorugu Landan ba da daɗin rai ta fara ba. An haife shi a wani ƙauye kusa da Kance, aka kama shi yana yaro a wani hari, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno. A can abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, yaran suka koma hannun Barth. Tare da shi Dorugu ya bi ta Zinder da Katsina da Wurno da Sakkwato, ya sauka Gwandu, ya ratsa Birnin Kebbi a 1853, suka haye Kwara a Say, har Tambutu. Suka dawo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa.

A Ingila wani fasto Bajamushe, James Frederick Schön, ya ji labarin zuwansu. Schön ya daɗe yana neman Hausa. Ya fara koyonta a wurin 'yantattun bayi a Saliyo, ya kuma shigo Kwara da ayarin jiragen Ingila na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya ɗauki yaran zuwa gidansa. Dorugu ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa kalma bayan kalma. Daga wannan zama aka sami ƙashin bayan littafin nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Aiki ne na haƙuri da ƙauna, kuma albarkacinsa muke da Hausar wani yaro ɗan Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19 a rubuce.

Duk da haka akwai abin da ya wuce Schön. A rubutunsa baki da baƙi harafi ɗaya ne, bari da ɓari ɗaya, kafa da ƙafa ɗaya, da da ɗa ɗaya. Yaron yana zaune a gabansa shekara da shekaru yana furta su daban-daban, kunnen malamin yana kai masa su a matsayin abu guda. Ba sakaci ya jawo haka ba, kuma sai a 1984 aka nuna dalilin a fili. A ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees suka gwada jarirai 'ya'yan masu jin Ingilishi da wasu baƙaƙe biyu na wani harshen mutanen asalin yammacin ƙasar, dukansu dangin ƙ ɗinmu, ɗaya ana yinsa a hanɗa, ɗaya can baya wajen beli. Aka koya wa jaririn ya juya kai wajen wani abin wasa duk lokacin da sauti ya sauya. 'Yan wata 6 zuwa 8 suka riƙa juyawa daidai. 'Yan wata 10 zuwa 12 mafi yawansu sun daina jin bambancin. Wato kowane jariri yana zuwa duniya da kunnen da zai iya kama baƙaƙen kowane harshe, amma kafin ya cika shekara ƙwaƙwalwarsa ta zaɓi na gidansu ta yi watsi da saura. Kunnen Schön ya gama zaɓinsa a Jamus tun yana goye.

Mene ne Dorugu yake yi da Schön bai ji ba? Mai karatu zai iya gwadawa a inda yake zaune. Ka tara tafin hannu a gaban bakinka ka ce ka, za ka ji iska ta buge shi, domin daga huhu ta taso. Yanzu riƙe numfashinka gaba ɗaya, ka yi ta furta ƙ, ƙ, ƙ ba tare da wasali ba. Za ka ga yana fita ras, alhali huhu a kulle yake. Ɗora yatsa a kan maƙwallato ka sake, za ka ji yana zabura sama. Abin da ke faruwa shi ne, tantanin nan biyu sun rufe ruf, doron harshe ya manne da hanɗa, iska ta maƙale tsakanin ƙofa biyu. Sai maƙwallato ya ɗaga sama kamar santimita 1, ya matse ta har ƙarfinta ya kusa ninka na iskar huhu, harshe ya saki, ta fashe. Ashe Bahaushe yana da ƙaramin zugazugi na biyu a wuya. Haka ake yin ts, sai dai ita a hanƙa ake tare iskar. Irin waɗannan su ake kira tunkuɗau. A Hausar yamma, ta Sakkwato da Katsina, akwai ma wani da ake yi a ganɗa, wanda ke fitowa a bakin Bakatsine in ya faɗi sunan garinsu.

Su kuwa ɓ da ɗ, waɗanda ake kira haɗiyau, maƙwallato ƙasa yake yi maimakon sama. Kogon baki ya ƙara faɗi, ƙarfin iskar da ke ciki ya ragu, har in leɓɓa suka buɗe ba abin da ke bugun tafin hannu. Tantanin kuma a ɗaure yake, yana ziza mai ɗan gurnani. Wannan ɗaurewar ce dai ake ji a farkon kalmar 'ya'ya, wadda mutanen yamma har yau suke faɗinta ɗiya, kamar yadda take a asali.

Abin da ya kuɓuce wa Schön bai kuɓuce wa malaman zaure ba. Su sun gaji tsohon ilmi na mafitar haruffa. Al-Khalil na Basra, tun ƙarni na 8, ya jera ƙamusunsa bisa inda kowane harafi yake fita, ya fara daga can cikin maƙoshi ya ƙare a leɓɓa. Ibn Sina, likita, ya rubuta 'yar risala a Isfahan wajen 1024 a kan dalilan faruwar haruffa, ya ware babi guda ga siffar maƙogwaro da harshe, da guringuntsi uku da tsokokin da ke motsa su. Ibn al-Jazari ya ƙidaya mafita 17, kuma da ƙidayarsa ake koyar da tajwidi a makarantunmu. Malamin da ya tashi da irin wannan horo, kuma Hausa ce nononsa, da ya zo rubuta waƙa da ajami sai ya ba k harafin kaf, ya ba ƙ harafin ƙaf, ya ba d dal, ya ari harafin ɗa na Larabci ya ba ɗ. Ƙaf ta Larabawa da iskar huhu ake yinta kusa da beli, ba ita ce ƙ ta Hausa ba, amma malaman sun ji cewa sauti biyu ne, kuma kowanne yana son gidansa.

Boko ya daɗe kafin ya cim musu. Dorugu ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya zama malami a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawar Kano. Ya rasu a 1912, shekarar da Ɗan Hausa ya buga ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko. Daga nan aka yi ta gwaji, wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna rataya masa waƙafi a gefe, kamar yadda Bargery ya yi a babban ƙamusunsa na 1934. A cikin shekarun 1930 ɗin ne hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta kai su kowane lungu. An sami yadda za a rubuta su. Saura a san yadda jiki yake yinsu.

Jack Carnochan na makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Landan ya rubuta maƙala a kan waɗannan baƙaƙe a 1952. Amma wanda ya zo da kayan awo har ƙasar nan shi ne Peter Ladefoged, Baturen Ingila da aka haifa a 1925. Tun yana Jami'ar Edinburgh ya saba ba da jikinsa don gwaji. Shi da abokan aikinsa sukan zura 'yar balan-balan ta hanci zuwa hanyar abinci don auna ƙarfin iskar da ke ƙarƙashin maƙwallato, su soka siraran allurai masu waya tsakanin haƙarƙari don su ga wace tsoka ke aiki a wane lokaci na magana. Ya zo Ibadan a 1959, ya sake dawowa a 1961 cikin shirin binciken harsunan Afirka ta Yamma. Yakan zura siririn tiyo ta hancin mai magana har bayan harshe, ya auna hawa da saukar ƙarfin iska a inda madubi ba ya gani. Yakan barbaɗa garin gawayi a rufin baki, mutum ya furta kalma ɗaya, a ɗauki hoton inda harshe ya share. Ya ɗauki fim na hoton ƙashi na mai magana da Ibo, ya nuna cewa tushen harshe yana matsowa gaba ko ya koma baya don raba wasula gida biyu. Ya gano cewa a wajen furta kp da gb irin na Yarbanci, inda ake rufe leɓɓa da hanɗa lokaci guda, masu magana da yawa suna ɗan tsotso iska da harshe. Littafinsa ya fito a 1964, ɗauke da harsuna 61, Hausa na cikinsu.

A kan ɓ da ɗ na Hausa, abin da ya lura shi ne ɗaurewar tantani ta fi saukar maƙwallato muhimmanci, domin sau da yawa saukar 'yar kaɗan ce in an gwada da ta wasu harsunan kudu. A 1984 Mona Lindau ta auna Hausawa da dama ta tarar ba duka suke bin hanya ɗaya ba, wasu ziza ce mai gurnani, wasu kuwa tantanin rufewa yake yi na ɗan lokaci, amma kunnen Bahaushe yana karɓar duka a matsayin ɓ. Ta kuma gwada ƙ ta Hausa da takwararta ta harshen Nabaho na Amurka, ta ga Nabaho suna jinkirta wasali bayan fashewar, Bahaushe kuwa yana kawo shi da wuri. Sai a 1992, a Landan, Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da ɗan Nijeriya Andrew Haruna suka yi amfani da wata na'ura da ake manna wa mutum faifai biyu a gefen wuya, wutar lantarki 'yar mitsitsiya tana ratsawa, tana nuna lokacin da tantani suka haɗu da lokacin da suka rabu, ko da baki a rufe yake. Shekara 137 bayan saukar Dorugu a birnin, aka ga aikin maƙwallaton Bahaushe zane a takarda, kuma da hannun ɗan ƙasa a cikin aikin.

Wannan baiwa ba ta kowa ba ce. A wani ƙidaya da Ian Maddieson ya yi na harsuna sama da 560 daga sassan duniya, waɗanda suka haɗa tunkuɗau da haɗiyau a harshe ɗaya ba su kai 20 ba. Fulatanci yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ. Larabci da Ingilishi da Faransanci ba su da ko ɗaya. A wasu zangunan ƙasar Gana, inda Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu, bambancin ya shafe a bakin mutane da yawa. Mu ma da muke furta su daidai mun fara zubar da ƙugiyoyin a saƙon waya, muna rubuta baki muna nufin baƙi, alhali manhajar rubuta su kyauta take.

Duk wannan doguwar tafiya harshe ɗaya ta shafa, harshen da ke da jaridu da gidajen rediyo da farfesoshi. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Yelwa ta Yauri ranar kasuwa, jiragen kwale-kwale suna sauke kifi da albasa da mutane, zai ji harsunan da ba su sami ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kulawa ba. Ga Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, da harshensu Tsureshe. Ga Kambari na Ngaski da kewaye, ga Lopawa da Larawa na bakin tafkin Kainji, ga Dukawa daga tudu, ga Shangawa da harshensu ɗan gidan Mande, ɗan'uwan Busanci na Bargu. Kowannensu da irin horon da yake yi wa gaɓoɓin furuci. Kambari suna da ɓ da ɗ nasu. Busawa suna rufe ƙofa biyu lokaci guda su yi gb da kp, suna kuma sauke hanɗa su bar iska ta bi hanci a kan wasali, ma'anar kalma ta sauya. A can gabas wajen Sakaba, Stuart McGill, wanda ya kammala digirinsa na uku a kan harshen Cicipu na Acifawa a 2009, ya nuna cewa suna iya ninka baƙi a farkon kalma, abin da harshen Bahaushe ba ya yi sai a tsakiya.

An ɗan taɓa rubuta wasu daga cikinsu. Sigismund Koelle ya sa kalmomin Kambari a littafinsa na 1854, daga bakin wani da bauta ta kai Saliyo. P. G. Harris, jami'in mulkin Turawa, ya rubuta bayanai a kan Yauri a 1930, da kuma a kan harshen Gungawa a 1946. Carl Hoffmann ya yi aiki a kan Kambari a shekarun 1960. Masana sun ma raɗa wa dangin harsuna wajen 60 sunan Kainji. Amma madatsar ruwan da ta ba su sunan ita ce ta girgiza su. Da aka kammala ta a 1968 ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawan da tsibiri ya killace musu harshe suka koma zama a bakin hanya da kasuwa, inda Hausa ke mulki. Yau akwai gidajen Gungawa da na Shangawa da yawa da kaka ke magana da harshen gado, jika yana amsawa da Hausa. Shanganci ya rage a ƙauyuka 'yan kaɗan.

Ni Bahaushe ne mai alfahari da yaɗuwar harshena, amma yaɗuwar da za ta haɗiye na maƙwabta ba abin murna ba ce. Alƙur'ani a cikin Suratur Rum ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Ubangiji. In harshe ya mutu, tatsuniyoyinsa da sunayen kifayensa da tsirransa sun tafi, haka kuma wata hanya ta sarrafa huhu da maƙwallato da harshe, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru ana miƙa ta daga uwa zuwa ɗa, ta tafi ba tare da an auna ta ba. Jerin kalmomi a takarda ba ya riƙe wannan. Labarin Schön ya isa shaida cewa mai rubutu, komai ƙwazonsa, abin da kunnensa ya ji kaɗai yake rubutawa.

Abin da Ladefoged ya sha wahalar ɗauko wa kaya a akwatuna, yanzu rabinsa yana cikin aljihu. Waya tana naɗar murya tsaf, kuma manhajar Praat, wadda masana biyu na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira suka bayar kyauta, tana zana zizar murya a fuskar kwamfuta. Ɗalibin harshe ɗan Yauri ko Wara ko Shanga da ke karatu a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya fi kowane baƙo cancantar wannan aiki, domin kunnensa ya sha waɗannan sautuka tun yana goye. Ya zauna da tsofaffin garinsu ya naɗi kalma da hira da waƙar daka da kirarin kokawa, ya rubuta sunan gari da shekara, ya ajiye a inda ba za su ɓace ba. Iyaye kuma su riƙe abin da aka gano a kan jarirai. Hausa ba za ta wuce ɗan Yauri ba, zai tsince ta a ƙofar gida da makarantar allo da kasuwa. Harshen kakanninsa kuwa, in yana son ya kama shi da dukan baƙaƙensa da karin sautinsa ba tare da wahala ba, sai ya ji shi a bakin mahaifiyarsa tun daga watannin farko na rayuwarsa. Uwar da ke yi wa jaririnta magana da Tsureshe ko Shanganci tana yin aikin da babu jami'ar da za ta iya yi a madadinta.